Tsimin Makamashi a Gida: Daga Murhu Zuwa Mita

Makamashin da gida ke ci a ƙasar Hausa ya kasu uku: na girki, na lantarki, da na sanyaya ɗaki da abinci. Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, hukumar NERC kuma ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, tsiminsa ya shiga lissafin cefane.

Kaso mafi tsoka a madafa yake ƙonewa. Murhun duwatsu uku ɓarnar itace yake yi, domin iska na kwashe zafin ta kowane gefe, abin da ke isa gindin tukunya galibi bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba. Murhun da ke killace wuta, na laka ko na ƙarfe, yana toshe wannan kafa. Irin su Save80 da ake haɗawa a Kano an tsara su ne don rage cin itace da kusan kashi 80 cikin ɗari.

Ko ba a sauya murhu ba, hannun mai girki na da tasiri. Busasshen itace da aka faskara ƙanana ya fi ɗanyen gungume ci da kyau. Wake da aka jiƙa tun dare ba ya daɗewa a wuta, tukunya mai murfi kuma ta fi saurin tafasa. Da an sauke tuwo sai a janye itacen a kashe, a binne garwashin cikin yashi ya zama gawayin gobe. Ribar ta shafi har lafiya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020.

A fannin lantarki, ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Gidan da ke kunna ƙwai goma awa shida kullum zai tsira da kusan yunit 90 a wata idan ya sauya su. Kayan da ke samar da zafi, wato dutsen guga da hita, su suka fi cinye kati, shi ya sa ake tara guga a yi ta lokaci ɗaya. Firji kuwa ba a sa masa abinci da zafinsa, ba a kuma manna shi da bango.

Wajen sanyi, ginin gargajiya na da darasi. Katangar ƙasa mai kauri da rufin soro suna jinkirta shigar zafin rana, saɓanin kwanon da ba silin. Tagogi masu fuskantar juna da darbejiya a yammacin ɗaki suna rage aikin fanka. Randa na sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafo, kuma a kan wannan dabara Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya a Jigawa: ana cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, sai tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba. Aikin ya samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

Saura tushen itacen kansa. Tun shekarun 1980 manoman yankin Maraɗi suka koma renon tohon kututture a gonakinsu maimakon ƙone shi. Ta haka gawo da sauran itatuwa suka dawo a kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ana sassabe rassa a yi girki, uwar bishiya na tsaye.