Arzikin ƙarƙashin ƙasa da arzikin bisa ƙasa: jawabin mushen lakol a taron ƙungiya

Ranka ya daɗe mai gari, malam liman, iyayena maza da mata, samari ƴan'uwana. An ce in yi bayani bisa tattalin arzikin ƙasarmu Nijar. Ni mai koyar da yara ne, ku yi mini haƙuri in na yi lissafi irin na aji.

Ƙasarmu tana tsaye bisa ƙafa biyu: ma'adinai da noma tare da kiwo. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da uraniyom a Arlit a 1971, COMINAK ta bi a 1978. Da kuɗin nan aka gina lakol-lakol, aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit. Amma ba mu ke tsaida farashinsa ba. Daga 1980 ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnati ta shiga bashi, sai ga yunwar 1984. A watan Maris na 2021 aka rufe COMINAK. Fetur ɗin Agadem da aka fara haƙa a 2011, shi ma rijiya ce mai ƙarewa.

To, mu nan Madawa, Buza da Kaita, ina namu? Yana bisa ƙasa. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro cikin kwarin Majiya don tare iska, gero ya samu sauƙi. A 1984 aikin Kaita ya fara da taimakon Italiya. Iyayenmu mata suka ɗauki dutsi bisa kai, fako ya koma gona. Albasarmu kuwa, irin na Galmi, tana kaiwa har Abijan da Kumasi.

Ga inda muke yin hasara. Muna cin bashin iri da taki tun farkon rani. Da an cire albasa a watan Maris da Afrilu, kowa ya kai kasuwa rana guda, buhu ya faɗi. Mai bashi ya kwashe da araha, ya ajiye, ya sayar da damina da tsada. Wahala tamu, riba tasa.

Don haka ina roƙon taron nan abu biyu. Na farko, kowane mai garka ya ba ƙungiya buhu ɗaya, mu gina rudu na gari mai shan iska, mu riƙe albasar har ta yi daraja. Kuɗin ya zauna cikin asusu, a rinƙa ba membobi rancen iri. Na biyu, mu yi gayya kafin ruwan farko mu gyara jeren duwatsun da suka rushe, a kuma daina saran itatuwan tare iska da dare.

In mun yarda, magatakarda ya rubuta sunaye yau kafin mu watse. Ni na sa buhuna na farko. Allah ya ba mu damina mai albarka.