A Ƙirga Zango Kafin a Ƙirga Kilomita

Yau maganar tafiya za mu yi, irin wadda magidanci zai sami hutu ya ɗebi iyalinsa a mota, ya ƙetare iyaka ya ga ƙasashen maƙwabta. Hanyar da na sani zan ɗauka misali, wadda na bi da kaina: daga Legas a bi gaɓar teku, a ratsa Jamhuriyar Benin da Togo, a shiga Gana, a tuƙe a Kumasi.

Duk babban garin da ka sauka a wannan hanya, ka tambayi ina ne Zango, za a nuna maka. Akwai shi a Kwatano, akwai a Lome, akwai Sabon Zango a Akra, akwai na Kumasi. Kalmar tamu ce, kakanninmu suka kai ta can. Fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, su yi watanni da jakunansu kafin su isa kasuwar Salaga, da zango suke auna tafiya. Madugu ya san inda ayari zai kwana gobe da jibi, ya san inda ruwa yake, ya san ranar da za a sauke kaya a bar dabbobi su huta. Su tashi da asuba, su sauka da sauran rana. Abin da nake so mai mota ya ara ke nan daga mai jaki, don yawancin tafiye-tafiyen da na ga sun lalace, lissafin nisa ne ya lalata su.

Ku duba yadda taswira ke ruɗin mutum. Daga Legas zuwa Kwatano kilomita 120 ne ko kusa da haka. Daga Kwatano zuwa Lome wajen 150, daga Lome zuwa Akra wajen 190. In ka haɗa duka bai kai 500 ba, da kaɗan ya fi Kano zuwa Abuja. Sai ka ce ai yini ɗaya ne. To amma tsakanin nan akwai iyakoki uku: Seme-Krake tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao, wadda ke manne da birnin Lome, ƙofar shiga Gana. A kowace ɗaya za ka fito daga mota, a buga maka hatimin fita, ka taka a buga na shiga, sannan ka koma wajen kwastan saboda ita motar. Ni dai ban taɓa ƙetare ɗaya da motata a ƙasa da awa guda ba, akwai ranar da na yi uku. Wayar da ke gaya maka awa kaza za ka isa ba ta san da wannan layin ba.

Karon farko da na kai iyalina, garuruwa bakwai na rubuta cikin kwana tara, kuma na biya kuɗin ɗakuna tun daga gida. Ranar da ta fi tsaya mini a rai, mun bar Lome bayan azahar, Aflao ta cinye la'asar, muka faɗa cunkoson Akra da magariba. Da hankali ne da a nan muka kwana. Amma ɗakinmu yana Kef Kos, kilomita 150 gaba, kuma an riga an biya. Muka danna, muka maƙale a Kasuwa, wadda 'yan can ke rubutawa Kasoa, ba mu isa ba sai bayan sha ɗayan dare. Da mahaifiyata ta zo fitowa, ƙafarta ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai a hannu ta riƙe shi ta taka a hankali tana dafa kafaɗar jikarta. Ba ta ce mini komai ba. Washegari muka je gidan bayi na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, wurin da na fi so yarana su gani da idonsu su ji tarihinsa. Mai yi mana bayani yana tsaye a ƙofar ɗakin da ake tsare mata, na waiga, sai ga 'yata mai shekara takwas ta zauna a kan matakala ta jingina kai da bango, barci ya ɗauke ta. Mun yi tafiyar ƙasa huɗu don wannan safiyar, gajiya ta ƙwace mana ita.

Tun daga nan na sauya tsari. Yanzu ranar ƙetare iyaka ba na ɗora mata wani aiki: a tashi da wuri, a ƙetare, a isa masauki, shi ke nan. Tuƙi kada ya wuce awa huɗu zuwa biyar a rana, kuma duk awa biyu a tsaya kowa ya miƙe ƙafa, musamman tsofaffi da mai juna biyu. Garin da ya cancanci a sauka, a ba shi aƙalla dare biyu, domin dare ɗaya ba ya haifar da yini. Ka iso da yamma a gajiye, ka tashi da safe kana ɗaure kaya, abin da ka gani a garin bai wuce harabar otal ba. Dare biyu shi ke ba ka yini guda cikakke. Saboda haka mai kwana goma, ban da na komawa, zango huɗu ya ishe shi: Kwatano, Akra, Kef Kos, Kumasi, da kwana ɗaya a Lome don raba iyakokin. Kuma a tsakiyar tafiyar a bar rana guda fara fat, ba a rubuta mata komai ba. Ita ce za ta shanye lalacewar mota, ko zazzaɓin yaro, ko ɗan'uwan da ka tarar a unguwar Nima ta Akra ya rantse sai kun ci tuwon gidansa. In ba abin da ya faru, sai a yi wanki a yi barci.

Maganar dare kuwa, ina roƙonku, masu sauraro. Ku tsara tafiya yadda magariba za ta same ku a masauki. Babbar mota ta lalace a tsakiyar titi, alamarta kawai reshen itace da aka jefa a ƙasa. Ga babura marasa fitila, ga masu tsallaka titi a ƙauyukan bakin hanya, ga shi ba ƙasarka ba. Ɗakin da ka biya in ya salwanta, kuɗi ne kawai. Shi ya sa na fi son a kama ɗakin daren farko da na manyan birane kaɗai, sauran a nemi wanda za a iya ɗaga ranarsa.

Takardu kuma a gama da su tun ana saura wata guda. Yarjejeniyar Ecowas ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90, amma fasfo ko takardar tafiya ta Ecowas wajibi ne, kowa da nasa har jariri. Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka kada a bari sai ana gobe tafiya. Mota tana buƙatar inshorar ƙetare iyaka ta Ecowas da ake kira Brown Card, da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardun mallaka masu sunanka. In ta aro ce, ka karɓi rubutaccen izinin mai ita. A kowace iyaka kwastan za su ba ka takardar shigar mota ta wucin gadi, wadda a ƙasashen Faransanci ake ce wa lesefase. Ka duba kwana nawa aka rubuta a kanta kafin ka bar gaban tagar, ka kuma buɗe fasfon kowa ka tabbata hatimin ya hau. Rashin hatimin shiga a ranar fita yake tashi. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma su tuna ƙasarsu ta fice daga Ecowas a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, don haka su binciki ƙa'idar da ake bi da iyakar da ke buɗe kafin su ɗaura niyya.

Wasu ƙananan abubuwa da ke shafar lissafin lokaci. Benin agogonta ɗaya da Najeriya, amma kana shiga Togo za ka mai da naka baya da awa ɗaya, haka Gana. A tafiya riba ce, a dawowa za ta karɓi abinta. Sefa ɗaya ce ake kashewa a Benin da Togo, a Gana kuma sidi. Ka canza kaɗan a bakin iyaka don kuɗin hanya da ruwa, sauran ka bari sai cikin gari inda za ka ƙirga a natse. Ga matafiyi Musulmi akwai sauƙin ƙasaru, wanda a mazhabar Malikiyya yake farawa daga tafiyar kimanin kilomita 80, ya kuma yanke in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari. In da hali ka daidaita Juma'arka ta same ka a Akra, ka yi sallah a babban masallacin ƙasa da ke unguwar Kanda, wanda aka buɗe a 2021. A kuma guji watan Yuni, lokacin ne ruwan bakin teku ya fi ƙarfi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hanya ta fi daɗi.

To me za a yi da yinin da aka tanada? A Kwatano ka ajiye motar, ka hau kwalekwale zuwa Ganbiye, garin da aka gina a kan ruwan tafkin Nokuwe, inda kasuwa ma a cikin jirage take ci. Wida tana kan hanyarka ta zuwa Togo, kilomita 40 kacal, ba sai ka ware mata kwana ba. A Kef Kos, Elmina da safe, gandun dajin Kakum da gadarsa ta igiya a saman itatuwa sai wata safiyar, kada a haɗa su rana ɗaya in da yara. Kumasi kuwa kasuwar Kejetiya kaɗai ta isa yini, balle a ƙara fadar Manhiya ta sarkin Asante. Ni abin da ya fi taɓa ni a can bai kai waɗannan girma ba. Da sassafe na tsaya wajen wata mai koko a Zango, na fara haɗa Turanci, sai ta ɗago ta ce, "Alhaji, koko da ƙosai ne ko wake?" Waken da take nufi shi ne shinkafa da wake da duk Gana ke kira waakye, sunan daga bakinmu ya fito. Na zauna a bencinta kusan awa guda, tana ba ni labarin kakanta da ya zo daga ƙasar Katsina. Da ina da wani gari da zan kamo kafin azahar, da a tsaye zan sha kokon.

A Kumasi zuciya za ta ce maka tunda ka zo nan, ka ƙarasa Salaga mana. Tamale kaɗai tana da nisan kilomita 380 daga Kumasi, kafin ka karkata zuwa Salaga. Wannan tafiya ce mai zaman kanta, ka bar mata wani hutun.

Saura komawa, wadda mutane da yawa ba sa sa ta a lissafi. Iyakoki ukun nan suna nan suna jiranka, direba ya gaji, mota ta gaji, aljihu ya yi sauƙi. Daga Kumasi zuwa Legas ka ware kwana uku. In daga Kano ka taso, tsakaninka da Legas ya haura kilomita 1,000, wato kwana biyu zuwa, biyu dawowa, kuma duk cikin hutun za su fito. Wanda hutunsa bai kai mako biyu ba, gara ya bar motarsa a gida, ya hau jirgi zuwa Legas ko Akra ya ɗauki hayar mota da direba daga can. Kafin juyowa a kai mota wajen bakanike ya duba birki da taya da bakin mai, kuɗin man komawa kuma a ware shi daban tun ranar farko, kada tsaraba ta taɓa shi. Ranar isowa gida ta zama Asabar, don a sami Lahadi kafin aiki da makarantar yara.

A nan za mu dakata a yau. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya. Wassalamu alaikum.