Makaho Da Tuƙin Jirgin Sama A Cikin Kwamfuta

Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na ƙasar Sarkin Ruma da ƙasar Yarima, wato Batsari da Safana, tun daga Wagini har Runka da Zakka. Allah ya ba mu dawwamammen zaman lafiya a bakin dajin Rugu, amin.

Yau na zo muku da zancen da na san wata za ta ajiye muciya ta ce, "Yau kuma me 'yar rediyon nan ta ɗebo mana?" Zancen makafi ne masu tuƙa jirgin sama a cikin kwamfuta. Ku ba ni aron kunnuwanku, domin maganar ta fi shafar uwar da Allah ya ba ta ɗa ko 'ya marar gani, wadda kullum take kwana da tunanin me wannan yaro zai zama.

Da farko dai, shi tuƙin jirgi ba a sama ake fara koyonsa ba. Akwai na'urar kwaikwayo, wadda ake zama a cikinta a ƙasa, tana nuna wa ɗalibi duk abin da zai tarar a jirgin gaske. Wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera irinta a 1929, kuma har yau makarantun tuƙin jirgi suna aiki da jikokinta, har da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Af, kafin in manta, mace ta taɓa shugabantar wannan kwaleji, Kyaftin Chinyere Kalu, wadda ita ce mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja. To daga baya sai aka mayar da wannan kwaikwayo ya zama wasa a kwamfutar gida. Kamfanin Microsoft ya fitar da nasa a 1982, wanda ya fito a 2020 kuwa duniya ce sukutum a ciki, da filayen jirgi wajen 37,000. Mutum yana zaune a ɗaki sai ya tashi daga Kano ya sauka Jidda.

To ina makaho ya shigo, alhali wasan na kallo ne?

A nan ne abin mamakin yake. Matuƙin jirgi na gaske ma, ba kullum yake dogara da idonsa ba. Mu da muka san hazon hunturu, wanda kan sa a soke tashin jirage a Kano da Katsina, mun san akwai ranar da mai ido ma ba ya hango ƙarshen layinsu. In jirgi ya shiga gajimare ko duhun dare, tagar nan ba ta da wani amfani, agogunan da ke gaban matuƙi su ne idonsa. Tun a watan Satumba na 1929 wani soja, Jimmy Doolittle, ya gwada haka a Amurka: aka lulluɓe mazauninsa ruf, ya tashi, ya zagaya, ya sauka, bai leƙa waje ba ko sau ɗaya. Turawa da kansu tuƙin makanta suka riƙa kiran wannan salo. Kun ga ke nan abin da ake bukata lambobi ne, lamba kuwa ana iya karanta wa mutum ita a kunne.

Haka makafin suke yi. Akwai wasu ƙananan manhajoji da ake ɗora wa wasan, kamar yadda ake ƙara wa keken ɗinki mota. Ɗaya ana kiranta Talking Flight Monitor, wata tsohuwa kuma It's Your Plane, wadda ita har magana ake yi mata da baki ta amsa. Aikinsu su leƙa agogunan jirgin su faɗa da murya: tsayinka ƙafa kaza, gudunka kaza, ka fuskanci wuri kaza, mai ya rage kaza. Makaho ya danna madanni ɗaya ya ji tsayi, ya danna wani ya ji nisan da ya rage.

Sai kuma babbar abokiyar tafiya, na'urar da ke riƙe wa matuƙi tuƙi, wadda ake ce wa otofailot. Ita ma ba yau aka fara ba. A 1914 wani saurayi, Lawrence Sperry, ya nuna ta a birnin Faris: ya saki tuƙi ya ɗaga hannuwansa sama, makanikensa ya fita yana takawa a kan fiffike, jirgi bai karkace ba. Abu uku ake faɗa mata: ina za a fuskanta, wane tsayi za a hau, da wane gudu. Ita fuskar an raba ta gida 360. Gabas 90, kudu 180, yamma 270, arewa 360. Alal misali, wanda zai tashi daga Katsina zuwa Kano, kudu maso gabas zai nufa, sai ya rubuta wajen 140. Ya ba ta tsayi, a ce ƙafa 10,000, ya ba ta gudu, ita kuma ta riƙe jirgin a kan haka har sai ya canza mata umarni. Wajen sauka, manyan filaye suna da wata na'ura mai aiko da saƙon rediyo wanda jirgi ke bi kamar zare har bakin titinsa. Makaho ya nemo lambar wannan saƙo ya saka, ya rage gudu a kan lokaci, ya sauke tayoyi, muryar nan tana ƙirga masa ƙafa nawa ya rage ya taɓa ƙasa. Abin dariya, inda ya fi ba su wuya ba sama ba ne, a ƙasa ne, wajen jan jirgi daga inda aka ajiye shi zuwa bakin titi, domin nan layukan fenti ake bi da ido.

Akwai masu cewa, to ai na'ura ce ta yi tuƙin, shi me ya yi? Ni dai ban yarda da wannan magana ba, kuma ku ma da kanku za ku yanke hukunci. Ku dubi makaho da ɗan jagoransa ranar kasuwa. Wa ya san gidan da za a je? Wa ya san a bi ta bayan masallaci an fi sauri? Malam ne mai riƙe da ƙarshen sanda. Yaro dai rami yake kauce wa. Haka otofailot take, ba ta san Kano ba, ba ta san Jidda ba. In ka ba ta lambar da ba daidai ba, za ta kai ka ga dutse cikin ladabi da biyayya. Lissafin mai, zaɓen hanya, sanin lokacin da za a fara gangarowa, duk a kan matuƙi suke. Kuma matuƙan da ke kai alhazanmu Saudiyya, mafi yawan tafiyar da wannan na'ura suke yin ta, ba wanda ya taɓa cewa ba su iya aikinsu ba.

Kada kuma a ce na ce makaho zai sami lasin tuƙa jirgin fasinja. A'a, doka ta shar'anta lafiyar ido, kuma daidai ne. An dai sami wani makaho mazaunin Ingila, Miles Hilton-Barber, wanda a 2007 ya tuƙa wani ɗan ƙaramin jirgi daga Landan har Sidni ta Ostareliya, tafiyar sama da kilomita 20,000, na'ura tana karanta masa agoguna a kunne. Amma da mai ido a tare da shi. Haka nan ba na cewa a je a saya wa yaro wannan wasa. Yana son kwamfuta mai tsada, da wutar lantarki, da intanet mai ƙarfi. Mu da a 2021 aka rufe mana layin waya ɗungurungum na tsawon watanni a Batsari da Safana da maƙwabtansu saboda tsaro, mun san inda takalmi yake matsa mana.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne, ita wannan murya da ke karanta wa makaho agogon jirgi, 'yar uwarta tana nan cikin gidajenmu ba mu sani ba. Babbar wayar nan ta shafawa da ke hannun maigida ko ɗanki, in Android ce, akwai abin da ake kira TalkBack a cikinta. A shiga saitin, a nemo inda aka rubuta Accessibility, a kunna. Daga nan duk inda yatsa ya taɓa, waya za ta faɗi sunan abin, in an ƙwanƙwasa sau biyu ta buɗe shi. Ranar farko za ta ba ku haushi, mai ido ma sai ta rikita shi, amma yaro marar gani in an bar shi da ita ba ya daɗewa yake gane kanta: ya kira, ya tura saƙon murya, ya nemo karatun Alƙur'ani da kansa. A kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda wasu samari biyu makafi 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka fara a 2006, kuma kyauta ce.

Sai dai fa akwai sharaɗi. Manhajojin jirgin nan da Turanci suke magana, kuma da lissafi ake bin su. Yaron da bai je makaranta ba, ko an ba shi kwamfutar, surutu kawai zai ji. Nan ne maganar ta dawo kanmu, iyaye mata. A garuruwanmu, da an ga yaro ba ya gani, sai a yanke masa hukunci tun yana goye: in namiji ne, ƙoƙon bara, in mace ce, ƙuryar ɗaki, ko tsakar gida ba a so ta taka, kada ta faɗa murhu. Sa'annan a ciro ƙaninsa daga aji a ba shi sanda ya yi jagora. An yi asarar yara biyu ke nan a gida ɗaya. Na san tausayi ne ke sa uwa ta hana 'yarta taɓa komai, amma wannan tausayin yana da tsada. Ke da kanki, uwargida, in an ɗauke wuta, ba da kunne da hanci kike gane tuwo ya yi ba? Ki koya mata tankaɗe, ki koya mata wanke-wanke da ninke kaya, ki bar kowane abu a mazauninsa kada a riƙa canza masa wuri, ta haddace gidan kamar yadda matuƙin nan ya haddace madannansa.

Makarantu kuwa akwai su. Akwai makarantar makafi ta gwamnati a cikin birnin Katsina, akwai ta Tudun Maliki a Kano, ta Gindiri a Filato kuwa tun 1953 take. Ana koya musu rubutun makafi mai ɗigo shida, wanda wani yaro Bafaranshe, Louis Braille, ya ƙirƙiro yana ɗan shekara 15. Tun 2017 hukumar JAMB take shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta musamman, Kano na cikin cibiyoyin. A watan Janairun 2019 kuma aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, har ta haramta amfani da su wajen bara. A addinance ma ba mu da hujja: Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ladanin Manzon Allah ne, sallallahu alaihi wasallam, kuma an sha bar masa Madina ya ja wa mutane salla in an fita.

Na san da yawanku ba ku fita, kuma ba ku ne masu yanke hukunci ba. Amma kun san lokacin da ake yi wa maigida magana ya ji. Ki samu sa'ar da ya ci ya sha ruwa, ki ce, "Malam, yaron nan fa a kai shi asibiti a duba idon tukuna." Wannan shi ne matakin farko, domin binciken da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 84 cikin 100 na makantar manya abin da za a iya karewa ne ko a warkar, yanar ido ce kan gaba. Yara ma ana haihuwarsu da yana, kuma ana yi musu aiki, gwargwadon saurin kai su gwargwadon dacewa. Kada a ɗiga masa komai a ido, kada a ba masu yawo da allura suna tura yana. In likita ya ce ganin ba zai dawo ba, to sai maigida ya je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a Batsari ko a Safana, ya tambayi yadda ake shigar da yaro makarantar makafi ta Katsina. In shi ya ƙi ji, akwai kawun yaron, akwai liman, akwai mai unguwa.

Lokaci ya cim mana. Wadda take da tambaya a kan kunna muryar wayar nan, ta sa a rubuto mana, za mu bi ta daki-daki a shiri na gaba in Allah ya kai mu.