Faransa da Haiti: An Tuɓe Sarki, Rawani Ya Dawo



A watan Agustan 1789 majalisar Faransa ta fitar da takardar haƙƙoƙin ɗan Adam, wadda ta ce kowa ɗa aka haife shi, kuma mulki na jama'a ne, ba gadon gidan sarauta ba. Marubuci Rousseau ya riga ya rubuta irin wannan magana tun 1762, amma yanzu ne ta fita daga littafi ta shiga titi, har aka fille kan Sarki Louis na 16 a Janairun 1793.

To, su waye "kowa"? A lokacin, can tekun Karibiyan, Faransa na da wata ƙasar mallaka, Saint-Domingue, inda bayi wajen rabin miliyan, da yawansu haifaffun Afirka, ke noma mata rake da kofi. Majalisar da ta rubuta takardar ba ta 'yanta su ba. Su ne suka ji labari suka ce ai da su ake. A Agustan 1791 suka tashi, suka banka wa gonakin arewacin ƙasar wuta.

A nan nake so mu ɗan daɗe a kan Toussaint Louverture. Bawa ne da aka 'yanta tun kafin tawaye, gwanin doki, gwanin lissafin siyasa. Ya fara yaƙi ƙarƙashin tutar Sifen, ya koma ɓangaren Faransa a 1794, shekarar da ta soke bauta, ya matsa wa sojojin Ingila har suka fice a 1798. Jarumtarsa ba abin musu ba ce. Amma tsarin mulkin da ya fitar a 1801, wanda ya haramta bauta har abada, shi ne kuma ya naɗa shi gwamna iya rayuwarsa, ya kuma ɗaure 'yantattun a gonakin da suka yi bauta, wai don kada tattalin arziki ya durƙushe. Masu yabonsa kan tsallake wannan, ni kuwa ina ganin bai kamata ba.

Napoleon, wanda ya karɓe mulkin Faransa, ya aiko da surukinsa Leclerc da rundunar ruwa a 1802 don su murƙushe Toussaint. Da yaudara aka kama Toussaint, ya rasu a kurkukun Fort de Joux a Afrilun 1803. Jean-Jacques Dessalines, ɗaya daga cikin kwamandojinsa, ya karɓi ragama. Zazzaɓin shawara ya ci Faransawa, yaƙin Vertières ya ƙarasa su, aka yi shelar 'yancin ƙasar da sabon suna Haiti ranar 1 ga Janairun 1804, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu.

Kafin shekarar ta ƙare, Dessalines, wanda ya sa aka karkashe Faransawan da suka rage, ya naɗa kansa sarkin sarakuna. A Disamba Napoleon ma ya aza wa kansa kambi a Paris. A ganina duka biyun sun san abin da za su rushe, ba su zauna sun tsara yadda za a taka wa mai mulki birki ba.

Sai dai kada mu yi wa ƙasashen biyu hukunci ɗaya, domin Haiti kaɗai aka ci tara saboda 'yancinta. A 1825 Sarkin Faransa Charles na 10 ya turo jiragen yaƙi, ya ce sai ta biya faran miliyan 150 diyyar tsofaffin iyayengijin bayi kafin ya amince da 'yancinta. Daga bankunan Faransa ta ciwo bashin da ta fara biya da shi.