Mazan Jiya a Cikin Hotunan Yaƙin Duniya na Biyu
Jawabin da aka gabatar a bikin cikar masarauta shekaru 100

 

 

An umarce ni in yi bayani a kan tsoffin hotunan yaƙi da aka baje a zauren fada albarkacin wannan biki. Hausawa sun ce gani ya kori ji, sai dai hoto kurma ne, idan babu mai fassara shi, kallo kawai za a sha a watse.

Kashi na farko hotunan jirage ne, Hurricane da Blenheim na Ingila, jere a filayen Kano da For Lami, wato Njamena ta yau. A watan Yuni 1940 Faransa ta faɗa hannun Jamus. Gwamna Janar Buwaso da ke Dakar ya bi gwamnatin Bishi, Nijar kuma tana ƙarƙashinsa. Gwamnan Cadi, Felis Ebuwe, shi kuwa ya bi Janar Dagol ranar 26 ga Agusta 1940. Ta haka ƙasarmu ta samu kanta tsakanin Ingilishi a kudu da mutanen Dagol a gabas, aka tsaurara tsaron iyaka, fataken Maraɗi da Damagaram suka sha wuya wajen isa Katsina da Kano.

A lokacin nan tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai suka riƙa sauke jiragen sama cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, For Lami, Hartum, har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 6000. Blenheim ɗaya kan shige gaba yana nuna hanya, ƙananan na biye. Daga Satumba 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5000 suka bi wannan hanya. Saboda muhimmancinta ne wani jirgin Jamus ya ratso Sahara ya jefa wa filin For Lami bama-bamai a Janairu 1942. Sai a Nuwamba 1942 Dakar ta juya wa Bishi baya.

Kashi na biyu shi ne wanda ya fi shafarmu: samari baƙaƙe sanye da jar dara, bindiga a kafaɗa. Tun 1857 Faransa ta kafa rundunar da ta kira tirayen Senegal, kuma duk wanda aka ɗauka, Bahaushe ne ko Bazabarme, Babarbare ko Bamosi, da sunan nan ake kiransa. Ku duba ƙasan hotunan da kyau. Sau da yawa an rubuta sunan hafsa Bature da muƙaminsa, ƴaƴanmu kuwa ba suna, ba gari.

A nan, ranka ya daɗe, akwai maganar da ta shafi sarauta kai tsaye, kuma ranar biki ba ta hana faɗinta. Idan lokacin ɗaukar soja ya zo, kwamandan ne ke yanka wa kowane kanto adadinsa, sarki kuma shi ke da nauyin cika shi, shi ne zai dubi idon uwar da aka ɗauke wa ɗa. Wanda ya kasa, rawaninsa na cikin haɗari. Wannan ma yana cikin shekaru 100 da muke tunawa, kuma sanin sa zai ƙara mana fahimtar irin ƙuncin da magabata suka yi mulki a cikinsa.

Mutanen nan sun yi abin da ake kira maza. Sun yi yaƙi a Faransa a 1940, inda sojojin Jamus suka yi wa wasunsu kisan gilla bayan sun kama su, kamar yadda ya faru a Shasale kusa da Liyon. Sun sauka a gaɓar Purobans a Agusta 1944, suna cikin waɗanda suka ƙwato Tulon. Amma kafin ƙarshen shekarar aka janye mafi yawansu daga fagen daga, aka miƙa kayansu ga samarin Faransa. Dalili ke nan da ya sa fuskokinsu suka yi ƙaranci a hotunan nasara. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Caroyi kusa da Dakar, aka buɗe wa waɗanda suka nemi haƙƙinsu wuta. A 1959 aka daskarar da fanshonsu, ba a daidaita shi gaba ɗaya da na takwarorinsu Faransawa ba sai 2011, lokacin da akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Jama'a, abin da mai ɗaukar hoto ya bari a buɗe, mu ne za mu cike shi. A cikin gidajenmu akwai adakoki masu ɗauke da takardar soja, lambar yabo, da hoton da gara ta fara ci. Takardar nan tana da lambar mutum, shekarar da aka ɗauke shi, da rundunarsa, kuma da su ake iya bin sawunsa a taskokin tarihi na Yamai, Dakar da Faransa. Tsoffin da za su kalli fuska su ce wane ne ɗan wane, kullum raguwa suke yi.

Don haka nake roƙon Mai martaba ya ba da umarni a buɗe littafi a fada. Kowane gida ya kawo abin da yake da shi, a ɗauki kwafinsa, a rubuta sunan mutum, na mahaifinsa, unguwarsa, da ko ya dawo ko bai dawo ba, sannan a mayar wa masu shi kayansu. Malaman makaranta da ɗalibansu za su iya wannan aiki cikin hutu ɗaya.

Allah ya jiƙan mazan jiya, waɗanda ke kwance a nan da waɗanda ƙasar wasu ta rufe. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.