Kafin Ka Biya Kuɗin Tsohuwar Mota, Ɗaga Kafet

 

Kaka ta yi, an sayar da shinkafa da riɗi, kuma na san a Hadejia da Auyo da Kafin Hausa akwai masu ɗan kuɗi a hannu da ke neman Golf ko Sharon ta haya, ko Corolla ta kai iyali unguwa. Yawancinmu ba sabuwa muke saya ba. Ko dai Beljiyam, ko wadda ta zaga hannu uku a nan gida. To, ku ba ni aron kunnuwanku.

Mu mutanen fadama ne, don haka da ruwa zan fara. Kun tuna ambaliyar 2020 da ta 2022, yadda ruwa ya shanye gonaki ya yanke hanyoyi daga Ringim har Guri da Kirikasamma. Motoci sun kwana a cikin ruwan nan. Ba dukansu aka kai wa 'yan gwangwan ba. Wasu an wanke su, an fesa turare, sun koma kasuwa. Ta waje ma ba ta tsira ba: guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da ɗimbin motoci a jihar Texas ta Amurka, irinsu kuwa gwanjonsu ake yi da arha a loda su a jirgin ruwa.

Motar da ta sha ruwa takan tashi lafiya ranar ciniki. Sai bayan wata biyu wayoyinta su fara tsatsa, yau fitila ta ɗauke, gobe gilas ya ƙi sauka, jibi ta mutu a tsakiyar hanyar Nguru, kai da rewaya ku zama aminai. Saboda haka, ɗan'uwa, durƙusa ka ɗaga kafet. Shinshina. Duba ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi ja. Buɗe but, fitar da tayar safiya, ka shafa ramin da yatsa. Jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, domin mai wanki ba ya kaiwa can. In ka ga busasshiyar laka ko shatin ruwa, yi sallama ka tafi, komai sauƙin kuɗin.

Sai inji. Ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kan bonet ka tabbatar ba a riga an ɗumama ta ba, don sanyin safiya ne ke tona injin da ya gaji. Zaro sandar baƙin mai. In man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, mai yiwuwa gasket ya ƙone. A tayar, kai kuma ka tsaya bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tana shan baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwan lagireto take ƙonawa. A zafinmu na watan Afrilu, motar da ke tafasa ba za ta kai ka Kano ba.

Kada gwajin ya tsaya a kwalta mai santsi. Sauka kan burji, ka saurari ƙafafunta. Motocinmu sun sha lodin buhuna da kwandunan kifi, shokazoba ce ke fara faɗa maka gaskiya. Taya kuwa tana ɗauke da shekarunta a gefe, lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutum ya bar dillali ya kawo masa makanike. Wanda zai ci la'ada ba zai kawo mai ɓata ciniki ba. Tafi da naka, ka biya shi ladan dubawa.

Ga takardu. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma mu ga mu kusa da iyakar Maigatari. Karɓi takardar kwastam, ka gwada lambar shasi, haruffa da lambobi 17, da wadda ke jikin motar, ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗaya ta saɓa, kada ka ba da kafin alƙalami.