Riga-kafin Ƙarya: Su Wa Ke Faɗawa Tarkon Masu Sayar da Tsoro?



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa ya shafi wata irin damfara wadda ta sha bamban da 'yan'uwanta ta fuska guda. Damfarar da muka saba ji, irin ta "ka ci caca" ko "wani attajiri ya mutu ya bar maka gado", da kwaɗayi take kama mutum. Wannan kuwa da tsoro take kamu, kuma tsoro ne mai dalili, wanda masana suka daɗe suna cusa mana domin amfanin kanmu. Muna nufin damfarar manhajar riga-kafi ta ƙarya, watau wadda akan sayar wa mutum a kan za ta tsare masa kwamfuta ko waya daga ƙwayoyin cuta, alhali kuwa ita kanta ce cutar.

Ga yadda abin yakan kasance. Mutum yana cikin karatu a wani shafin intanet, sai wata taga ta faɗo a fuskar kwamfutarsa da jan rubutu, wani lokaci har da ƙarar jiniya, ta ce an gano ƙwayoyin cuta a na'urarsa. Nan take sai wani layi ya fara tafiya kamar ana bincike, sunayen cututtuka suna ta zubowa ɗaya bayan ɗaya, goma, ashirin, talatin. Daga ƙarshe a ce masa takardunsa da hotunansa da sirrin bankinsa duk suna cikin haɗari, amma ga magani, ya danna nan. In ya danna, sai ya sauke wata manhaja wadda za ta ci gaba da damunsa da gargaɗi dare da rana, ta hana shi buɗe wasu abubuwan, har sai ya biya kuɗi da katin banki. In ya biya, gargaɗin ya lafa, ya ɗauka an warkar da shi. Ya yi asarar kuɗinsa, ya miƙa lambar katinsa ga ɓarayi, kuma ya zauna cikin natsuwar ƙarya da kwamfutar da ba ta da mai tsaro.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, shafin intanet ba shi da ikon leƙa cikin rumbun kwamfutarka ya bincike shi. Wancan layi mai tafiya zane ne kawai da aka shirya tun tuni, yadda ya nuna maka haka zai nuna wa duk wanda ya buɗe shafin, ko da yau aka ɓare kwamfutarsa daga kwali. Mu da muka tashi a ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun san labarin bokan da yakan aiki yaronsa da dare ya binne laya a ƙofar gidan mutum, da safe ya zo ya ce an yi wa maigida sammu, ya tono layar a gaban jama'a, ya karɓi baƙin bunsuru. Sana'ar ɗaya ce, sai dai wannan bokan yana binne layarsa a ƙofar gidaje miliyan a dare guda.

Kada kuwa a ce tsoron ƙwayar cuta shirme ne. Tun 1986, sa'ad da wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahor na Pakistan suka rubuta ƙwayar da aka sani da suna Brain, wadda ta riƙa yaɗuwa ta faifan ajiya, duniya ba ta huta ba. An yi asarar takardu, an yi asarar dukiya, kuma aka shiga yi wa jama'a huɗuba cewa riga-kafi ya fi magani. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. 'Yan damfara ba su sha wahalar ƙirƙiro tsoron ba, sun tarar an riga an shuka shi, suka zo girbi.

Girbin kuwa ba ƙarami ba ne. A watan Disamba na 2008 Hukumar Ciniki ta Tarayyar Amurka ta kai ƙarar wani kamfani mai suna Innovative Marketing, wanda aka yi wa rajista a ƙasar Beliz amma ofisoshinsa suna birnin Kiyef na Yukren. Shi ne ya riƙa sayar da WinFixer da DriveCleaner da XP Antivirus da wasunsu, a kan kusan dala 40 ko fiye. Hukumar ta ce an yaudari mutane fiye da miliyan ɗaya, kuma a 2012 kotu ta yanke hukuncin biyan dala miliyan 163 a kan ɗaya daga cikin waɗanda aka kai ƙara. Wannan kamfani yana da ɗaruruwan ma'aikata masu karɓar albashi, da masu amsa wayar abokan ciniki, kamar kowane kamfani na halal. A 2010 masu bincike na Google suka ba da rahoton cewa sun duba shafuka miliyan 240 cikin wata 13, suka tarar riga-kafin ƙarya shi ne kashi 15 cikin ɗari na dukan miyagun manhajojin da suka gano.

Wani zai ce ai sai mai yawon shafukan banza ne yake gamuwa da wannan. To, a watan Satumba na 2009 masu karanta jaridar New York Times a intanet sun gamu da shi a shafin jaridar kanta, domin 'yan damfarar sun sayi filin talla da sunan wani kamfanin waya sananne, suka fara sa tallar kirki, daga baya suka musanya ta da tagar tsoro. Mai karatu bai yi laifin komai ba face karanta labarai.

Akwai wani bincike da muke so mu ɗan dakata a kansa, domin ya nuna cikin sana'ar. A 2011 wasu masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Babara suka sami damar duba bayanan cinikin ƙungiyoyi uku masu wannan harka, suka tarar sun tara fiye da dala miliyan 130. Cikin kowane mutum ɗari da manhajar ta shiga kwamfutarsu, wajen mutum biyu ne kawai suka biya. Biyu cikin ɗari, jama'a, amma idan ka jefa ƙugiya a bakin mutum miliyan ɗari, lissafin ya fita. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, waɗannan ɓarayi suna mayar da kuɗi ga wasu masu ƙorafi. Ba tausayi ne ya sa su ba. Kamfanonin katin banki sukan rufe asusun ɗan kasuwar da ƙorafi ya yi yawa a kansa, saboda haka sai ɓarayin su riƙa lallashin mai hayaniya domin su ci gaba da tatsar masu shiru. Ashe ke nan shirun wanda aka cuta yana cikin jarin sana'ar.

Yanzu mu zo kan tambayarmu: su wa ke faɗawa?

Idan muka yi tambayar nan a zauren nan, da yawa cikinmu za su ce tsofaffi ne da waɗanda ba su yi boko ba. Akwai ƙamshin gaskiya a rabin farko. Sana'ar ta sake kama a shekarun baya: maimakon a ce ka sayi manhaja, sai tagar ta ba ka lambar waya ta ce ta Microsoft ce ko Apple, ka kira, wani mai ladabi ya amsa, ya sa ka ba shi izinin shiga kwamfutarka daga nesa, ya nuna maka wasu rubuce-rubucen da kowace kwamfuta lafiyayya take da su ya ce cuta ce, kana ya yanka maka farashi, ko ya bi ta nan ya kai ga asusunka. Da yawa cikin ɗakunan amsa wayar nan a Indiya aka gano su, kuma a watan Oktoba na 2023 hukumar binciken ƙasar ta kai samame wurare 76. A wannan shekarar hukumar FBI ta Amurka ta karɓi ƙorafin asarar fiye da dala miliyan 900 ta wannan hanya, kuma kusan dala miliyan 590 daga ciki na mutanen da suka haura shekara 60 ne. Tsoho yana da ajiyar fansho, in an same shi an sami da yawa.

Amma yawan kuɗi daban, yawan mutane daban. Kamfanin Microsoft ya yi ta bin diddigin wannan damfara ta hanyar tambayar jama'a a ƙasashe da dama, kuma a rahotonsa na 2021, wanda ya shafi ƙasashe 16, ya nuna cewa matasa su suka fi saurin biye wa ɗan damfara har su yi asarar kuɗi, maza kuma sun fi mata. Rahoton ya lura cewa waɗanda aka cuta sun fi zama masu yawan sauke abubuwa daga wuraren da ba su da tabbas, kuma masu ɗaukar kansu gwanayen kwamfuta. Malam Shugaba, idan muka cire sunan ƙasa daga wannan kwatanci, wa aka siffanta in ba mu ba?

Dalilin a fili yake. Kakarmu da ke ƙauye ba ta san mene ne ƙwayar cutar kwamfuta ba, in jan rubutu ya fito a wayarta sai ta miƙa wa jikanta. Injiniyan da ya ƙware kuwa ya san shafi ba ya bincike, sai ya yi dariya ya rufe. Wanda ke tsakiya shi ne abincin tarkon: ya sani har ya ji tsoro, bai sani ba har ya gane ƙarya, kuma yana jin nauyin ya tambaya domin a gida da ofis shi ake kira in na'ura ta ƙi. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ku dubi ɗalibin ajin ƙarshe wanda kundin bincikensa na shekara guda yake cikin kwamfuta ɗaya tak, ba shi da kwafi a ko'ina, saura mako biyu ya miƙa. Ku dubi sabon ma'aikaci wanda aka damƙa wa kwamfutar ofis, ya ɗan leƙa sakamakon ƙwallo a lokacin aiki, sai ga gargaɗi. Abin da ke ransa a lokacin shi ne yadda zai kashe wutar kafin maigidansa ya shigo. Duk su biyun za su danna, kuma mutanen kirki ne masu son su yi abin da ya dace.

Halin da muke ciki a nan ma yana taimakon ɓarawo. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne da aka sayo, da manhajar da ba a biya ba wadda mai gyara ya ɗora a kasuwa. Filashi ɗaya yakan zaga shagunan buga takardu biyar a yini. Wanda ya san gidansa ba ƙofa, ko iska ta kaɗa sai ya ce ɓarawo ne. Ga wayoyinmu kuma, inda tallar "wayarka ta kamu, batirinka zai lalace" take fitowa tare da girgiza, ta tura mutum ya sauke wata manhajar sharar waya wadda aikinta cinye data da talla, ko neman izinin karanta saƙonnin da banki yake aiko da lambar sirri a ciki. Ko rumbun manhajoji na hukuma bai tsira ba. A watan Afrilu na 2014 wata manhaja mai suna Virus Shield ta hau saman jerin sababbin manhajojin saye a Google Play, a kan dala 3.99, mutane fiye da 10,000 suka saya. Da aka buɗe cikinta, aka tarar iyakar aikinta shi ne in ka taɓa ta, alamar kuskure ta koma alamar daidai. Google ya mayar wa mutane kuɗinsu.

Kada mu ɗauka sai ɓarayin ɓoye ne suke wannan. A 2019 kamfanin Office Depot na Amurka, mai manyan shaguna a fili, ya amince ya biya dala miliyan 25, abokin aikinsa Support.com kuma dala miliyan 10, bayan hukuma ta zarge su da cewa binciken kyautar da suke yi wa kwamfutocin jama'a yana dogara ne ga wasu tambayoyi huɗu. In ka amsa ko ɗaya da "i", misali cewa kwamfutarka tana nauyi, sakamakon zai ce an ga alamun cuta, sa'an nan a tallata maka gyara. Wace kwamfuta ce ba ta taɓa nauyi ba?

To me ya rage mana? Gargaɗin gaskiya daga manhajar da ka riga ka sani yake fitowa, ba ya ba da lambar waya, ba ya ƙidayar daƙiƙu, ba ya neman kati. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, kwamfutar Windows tana zuwa da nata riga-kafin mai suna Defender ba tare da ƙarin kuɗi ba, muddin ana barinta tana sabunta kanta. In taga ta faɗo, kada a danna komai a cikinta, har da inda aka rubuta soke, domin sau da yawa duka tagar maɓalli ɗaya ce. A rufe burauzar baki ɗaya, in ta ƙi a kashe na'urar. Kundin bincike kuwa a ajiye shi wuri biyu ko uku, domin wanda yake da kwafi ba ya firgita da sauri.

Wanda kuma ya riga ya biya, ko ya bar wani ya shiga kwamfutarsa, ya kira bankinsa a ranar a rufe katin, ya sauya kalmomin sirrinsa daga wata na'urar dabam, ya gaya wa mai kula da kwamfutocin ofis ko da zai sha faɗa. Ya kuma shirya wa kira na biyu, domin sunayen waɗanda suka taɓa biya kaya ne da 'yan damfara suke sayar wa juna. Bayan 'yan watanni wani zai bugo ya ce kamfanin zai rufe, ana mayar wa mutane kuɗinsu, a ba shi izinin shiga asusu domin ya zuba. Daga nan zai nuna kamar ya yi kuskuren zuba fiye da kima, ya roƙi a mayar masa da rarar kafin a kore shi daga aiki, alhali ko kwabo bai shigo ba.

Malam Shugaba, lokacin da aka ba mu ya cika, a nan za mu dakata domin a yi tambayoyi.